Darasi na Tara: Jiragen da Ke Kutsawa Cikin Guguwar Ƙasashen Sanyi

Kowane matuƙin jirgin sama an koya masa ya kauce wa hadari. Amma akwai wasu 'yan jirage, ba su da yawa a duniya, waɗanda aikinsu shi ne su nufi inda sauran ke gudu. An cire musu kujerun fasinja, an cika cikinsu da na'urorin awo, masana suna zaune ɗaure da bel a gaban kwamfuta jirgi yana girgiza da su. A wannan darasi za mu ga irin guguwar da suke bi, da abin da suke aunawa, da yadda awon yake komawa ya gyara hasashen yanayi. Za ku kuma ga cewa ribar da aka fita nema tun farko daban, wadda aka fi samu daban.

Daren da hasashe ya kuskure

A daren 15 ga Oktoba 1987, wayewar garin 16, iska ta auka wa kudancin Ingila da arewacin Faransa. A Ingila mutum 18 suka rasu, bishiyoyi kimanin miliyan 15 suka faɗi, gidaje da yawa suka kwana ba lantarki. Da ranar 15 ga watan, mai gabatar da hasashen yanayi a talabijin na BBC, Michael Fish, ya kwantar wa masu kallo hankali cewa babu wata mahaukaciyar guguwa da ke tafe. Har yau ana yi masa gori, alhali matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Guguwar ta tara ƙarfinta ne a kan teku, kudu maso yamma da Birtaniya, a wurin da awon da aka samu ranar bai taka kara ya karya ba. Kwamfuta da abin da aka ba ta take lissafi. An ba ta kaɗan, ta fitar da amsa gurguwa.

Shekara goma sha biyu bayan haka, ranar 26 ga Disamba 1999, guguwar Lothar ta ratsa Faransa da Jamus da Suwizalan, ta kashe sama da mutum 100. Ita ma hasashe bai kai ga gane ƙarfinta da wuri ba, ita ma a kan Tekun Atilantika ta girma.

Wace irin guguwa ce wannan?

Ku dubi taswirar duniya, za ku ga layukan da aka ja a kwance. Na tsakiya shi ne ikwaita. Kano tana digiri 12 arewa da shi, Agadas kusan 17. Yankin da muke magana a kansa yana tsakanin digiri 30 ne da 60: kusan dukkan Turai, mafi yawan Amurka, kudancin Kanada, Japan da arewacin Sin. Akwai takwaransa a kudancin duniya, sai dai galibinsa ruwa ne.

A wannan yanki ne iska mai ɗumi da ta taso daga ɓangarenmu take haɗuwa da iska mai sanyi da ta gangaro daga ƙuryar arewa. Ba sa gauraya nan take. Mai sanyi ta fi nauyi, sai ta kutsa ta ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta. Iyakar da ke tsakaninsu, wadda za mu riƙa kira bakin karo, tsawonta yakan kai kilomita dubbai. Masanan garin Bergen na ƙasar Norwe, wato Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob da abokan aikinsu, su suka fara zana wannan hoto tsakanin 1919 da 1922, kuma har gobe da shi ake fara koyar da ɗalibai.

Idan bakin karo ya ɗan lanƙwashe, nauyin iska yakan ragu a wurin. Iskar kewaye sai ta nufo shi, juyawar duniya kuma ta karkatar da ita, ta shiga zagaye. A arewacin duniya zagayen saɓanin tafiyar hannun agogo ne. Ana auna nauyin iska da ma'aunin hektofaskal, kuma a bakin teku yakan tsaya wajen 1013. Guguwar da nauyin tsakiyarta ya faɗi da hektofaskal 24 ko fiye cikin awa 24, masana suna ce mata bam. Irin waɗannan ne suka fi ba masu hasashe kunya.

Can sama, tsakanin kilomita 9 da 12, akwai wani ziri na iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, wani lokaci gudunsa ya haura kilomita 300 a awa. Shi ke riƙe da ragamar guguwa, inda ya karkata nan take bi. Matuƙa sun san shi sarai. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ya bi shi daga Niwyok zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da takan ci fiye da awa shida.

Kada ku haɗa wannan guguwa da hadarin damina na ƙasarmu. Namu daga gabas yake tasowa, ya zubar da ruwa cikin awa ɗaya ko biyu ya wuce yamma. Tasu daga yamma take zuwa, faɗinta ya kai kilomita dubu ɗaya zuwa dubu biyu, tana yin kwanaki tana tafiya, kuma da hunturu ta fi ƙarfi, lokacin da tazarar zafi tsakanin kudu da arewa ta fi faɗi.

Yadda ake hasashe, da inda ake rasa awo

Ɗauki misalin cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, ECMWF, wadda aka kafa a 1975, hedikwatarta a garin Reading na Ingila. Manhajarta ta yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kimanin kilomita 9, an kuma jera su hawa 137 daga ƙasa zuwa sama. A kowane gida ana sa zafi da danshi da nauyin iska da gudunta na wannan lokaci. Daga nan kwamfuta ta yi amfani da dokokin kimiyya ta matsa gaba da 'yan mintoci, ta sake matsawa, har ta kai kwana goma ko fiye.

A 1963 wani masani ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya nuna cewa a irin wannan lissafi ɗan kuskuren farko ba ya tsayawa yadda yake, girma yake yi har ya cinye amsar gaba ɗaya. Shi ya sa cibiyar take maimaita lissafin sau 51, kowane da ɗan canji a mafari. In amsoshin sun zo kusa da juna, mai hasashe ya yi magana da ƙarfin gwiwa. In sun watse, ya sassauta. Da wannan dabara da wasu, hasashe yana ƙara nisan kwana guda a kowace shekara goma: na kwana shida a yau ya kai ingancin na kwana biyar shekara goma da suka wuce.

To daga ina awon mafari yake fitowa? Ɗaruruwan tashoshi suna sakin balan-balan mai ɗauke da na'ura sau biyu a rana, amma kusan dukkansu a kan tudu suke. Jiragen fasinja suna aiko da zafi da gudun iska, amma hanyarsu ɗaya ce, kuma suna kauce wa hadari. Darajarsu ta fito fili a 2020, da annobar korona ta ajiye jirage awonsu ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Taurarin ɗan'adam su ne suka fi kowa kawo bayani, sai dai gajimare mai kauri yana tare wa da yawa daga na'urorinsu gani. Wurin da ya rage babu mai leƙawa shi ne cikin gajimare, a tsakiyar teku. Can kuwa guguwa take ƙulluwa.

Gwangwanin awo

Babban makamin jiragen bincike wani ɗan bututu ne da za mu kira gwangwanin awo. Tsawonsa kimanin santimita 40, nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Ana cilla shi ta wata kafa a jikin jirgi, 'yar lema ta buɗe, ya riƙa sauka yana auna zafi da danshi da nauyin iska. Akwai GPS a cikinsa, don haka yadda iska take ɗibarsa gefe shi ke nuna gudunta da inda ta dosa. Yana aika awon ta rediyo zuwa jirgi, jirgi ya tura wa cibiyoyin hasashe ta tauraron ɗan'adam. Daga tsayin kilomita 13 yakan yi kimanin kwata na awa kafin ya faɗa teku, kuma ba a komawa ɗaukarsa. Ban da shi akwai rada mai ganin ɗigon ruwa da ƙanƙara, da hasken leza mai auna iska da tururi, da wasu na'urori a ƙarƙashin fiffike masu ɗaukar hoton ƙwayoyin ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya.

Neman inda kuskure yake tsirowa

A Janairu da Fabrairun 1997 masana daga Faransa da Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashe suka taru a filin jirgin Shannon na ƙasar Ayilan domin wani gangami mai suna FASTEX. Sun zo da jiragen sama da dama, da jiragen ruwa huɗu a tsakiyar Atilantika. Dabarar da suka gwada mai ban sha'awa ce. Tunda ba za a iya auna teku duka ba, sai a tambayi kwamfuta: wane wuri ne a yau, in an yi kuskure a cikinsa, zai fi ɓata hasashen Turai na jibi? Kwamfuta ta nuna wurin a taswira, jirgi ya tashi ya zuba gwangwanaye a can. Sau da yawa wurin yana nesa da guguwar, can yamma wajen Kanada, inda ido ba ya ganin komai tukuna. Daga 1999 hukumar NOAA ta Amurka ta mai da wannan aikin na kowane hunturu a kan Tekun Fasifik.

Da farko sakamako ya ba da ƙwarin gwiwa. Amma da shekaru suka tafi, aka riƙa yin gwaji mai sauƙin fahimta: a yi lissafin hasashe sau biyu, ɗaya da awon gwangwanaye, ɗaya babu, a kwatanta. Sai aka ga a wasu ranaku bambancin babba ne, amma in an haɗa duka aka raba, ribar 'yar kaɗan ce. Dalili kuwa shi ne taurarin ɗan'adam sun ƙaru, cibiyoyi kuma sun ƙware wajen tatsar bayaninsu, gwangwani ashirin ba ya sauya lissafin da miliyoyin awo suka shiga cikinsa. Masanan da suka yi aikin su da kansu suka wallafa wannan, abin da ba kowane mai neman kuɗin bincike ne zai yi ba.

Wannan bai kashe aikin ba, sai dai ya sauya tambayar. In awon mafari ya inganta amma har yanzu hasashe yana kuskurewa jefi-jefi, wataƙila matsalar tana cikin manhajar ce, a yadda take lissafin abin da ke faruwa cikin gajimare.

Zafin da ke ɓoye cikin tururi

A nan sai ku natsu, domin shi ne zuciyar darasin. Kun san ruwan randa yana sanyi. Dalili shi ne ɗan abin da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yana zama tururi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Zafin nan bai ɓace ba, yana nan ɓoye cikin tururin. Ranar da tururin ya koma ruwa, sai ya saki zafin a duk inda yake.

A gaban kowace babbar guguwa akwai wani ayarin iska mai ɗumi da danshi da ke tasowa daga fuskar teku, ya hau har kilomita 8 zuwa 10 cikin kwana biyu. Yana hawa yana sanyi, tururinsa yana komawa ɗigon ruwa da ƙanƙara, ɓoyayyen zafi yana fita. Zafin yana ƙara wa iskar sauƙi, ta ƙara hawa. Idan ta kai sama sai ta baje, ta ture zirin iskar nan zuwa arewa, ta yi masa lanƙwasa. Lanƙwasar tana tafiya gabas, har ta riga guguwar da ta haife ta isa Turai, ta tayar da wata sabuwa a can ko ta tsayar da yanayi wuri ɗaya na kwanaki. A 2013 masanan ECMWF sun bi sawun ranakun da hasashensu na kwana shida ya lalace a Turai, suka tarar da yawa daga cikinsu sun samo asali ne daga hadarin tsawa a tsakiyar Amurka.

Matsalar ita ce ɗigon ruwan da ke cikin gajimare bai kai milimita ba, gidan lissafi kuwa kilomita 9 ne. Manhaja ba ta ganin ɗigo, ƙiyasi take yi: tururi kaza a zafi kaza zai ba da ruwa kaza da ƙanƙara kaza. In ƙiyasin ya karkace kaɗan, za a saki zafi a hawan da ba daidai ba, lanƙwasar ta fito ba daidai ba, bayan kwana biyar a yi wa mutanen Jamus alkawarin rana su sha ruwa. Babu hanyar tantance ƙiyasin sai wani ya shiga ya auna.

Abin da gangamin NAWDEX ya yi ke nan a Satumba da Oktoban 2016, daga filin jirgin Keflavik na ƙasar Aisilan. Jirage huɗu suka yi aikin: biyu na Jamus, ɗaya na Faransa, ɗaya na Birtaniya. Babbansu, HALO na Jamus, yana iya hawa kusan kilomita 15, ya yi awa tara yana shawagi. Ɗaya daga guguwowin da suka bi ita ce Karl, wadda ta ƙullu a tsakiyar Satumba kusa da tsibiran Cape Verde daga wani hadari da ya fito daga Afirka ta Yamma. Ta haye teku, ta wuce ta kusa da Bermuda, ta juya arewa maso gabas ta haɗu da zirin iskar sama, bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Norwe.

Da aka kwatanta awon da lissafi, an ga manhajoji suna rage wa zirin iska gudu a inda ya fi ƙarfi, suna kuma shafe kaifin iyakarsa. An kuma ga suna sa danshi fiye da kima a hawan da ke bisa inda gajimare yake tsayawa. Gwangwanayen da aka zuba sun rage kuskuren hasashen waɗannan makonni da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari kawai. Amma aibin da aka gano a manhaja, in an gyara shi, kowane hasashe na kowace rana zai amfana, ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba. A wannan gangamin ne kuma aka gwada samfurin na'urar leza ta tauraron Aeolus, wanda Turai ta harba a Agustan 2018, ya yi ta auna iskar duniya har 2023.

Harbin kunama, dusar ƙanƙara da kogin tururi

Guguwar 1987 ba ta gama ba da darasi ba sai a 2004, da Farfesa Keith Browning na Jami'ar Reading ya sake duba hotunanta. Ya gano ɓarnar da ta fi muni ta fito ne daga wata siririyar iska, faɗinta kimanin kilomita 50, wadda ta sulmiyo daga tsayin kilomita 3 zuwa 4 a daidai inda gajimaren ya lanƙwashe wutsiya. Ana kiranta harbin kunama, kuma ba ta wuce awa uku zuwa huɗu. Ranar 8 ga Disamba 2011 jirgin binciken Birtaniya ya shiga guguwar Friedhelm a kan Sikotilan, ranar da iska ta kai kilomita 265 a awa a ƙolin dutsen Cairn Gorm. Awon ya nuna iskar mai ƙarfi ba daga hanya ɗaya take fitowa ba: akwai mai saukowa daga sama, akwai mai sanyi da ke zagayowa ta ƙasa.

A Amurka hukumar NASA ta yi gangamin IMPACTS a hunturun 2020 da 2022 da 2023, ƙarƙashin jagorancin Lynn McMurdie ta Jami'ar Washington, a kan dusar ƙanƙara ta gabashin ƙasar. Dusar takan sauka layi-layi, wani gari ya binne maƙwabcinsa ya tsira. Jirage biyu suke tashi tare. ER-2 yana can kilomita 20, matuƙinsa sanye da kaya irin na 'yan sama-jannati, yana leƙo gajimare da rada. P-3 yana cikin gajimaren a daidai ƙarƙashinsa, yana taɓa abin da na sama yake hange. Da haka ake koyon fassara abin da rada da tauraron ɗan'adam suke gani.

Akwai wurin da tsohuwar dabarar FASTEX take da amfani har yanzu. Kalifoniya tana samun kusan rabin ruwanta na shekara daga wasu sirara kogunan tururi da ke kwararowa daga Fasifik ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin gajimare. Tun 2016 jiragen sojan saman Amurka da na NOAA suke zuba musu gwangwanaye da hunturu, domin masu kula da madatsun ruwa su san ko su saki ruwa kafin ambaliya ko su riƙe shi saboda fari.

Ina ruwanmu?

Hukumar NiMet ta Nijeriya da hukumar yanayi ta Nijar, da cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai, duk suna amfani da lissafin manyan manhajojin nan na duniya, don haka gyaran da aka yi musu a kan Aisilan yana iso mana. Hazon hunturu ma yana da alaƙa da guguwar can. Idan ta ratsa Bahar Rum, iska mai sanyi da nauyi takan biyo bayanta ta taru a kan Libiya. Sai iskar arewa maso gabas ta ƙara ƙarfi, ta matse tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta faɗa kwarin Bodele a arewacin Cadi ta ɗebo ƙura. Bayan kwana ɗaya ko biyu hazo ya rufe Damagaram da Maiduguri da Kano, jirage su kasa sauka.

Irin waɗannan jirage sun taɓa zuwa ƙasarmu. A daminar 2006, lokacin gangamin AMMA na nazarin damina, jiragen binciken Birtaniya da na Faransa sun zauna a Yamai. Daga Damagaram kuma aka saki manyan balan-balan da suka hau kusan kilomita 20, iska ta ɗebe su yamma zuwa Atilantika suna sakin gwangwanayen awo a hanya.

Tambayoyi

1. Kawo bambanci uku tsakanin hadarin damina da guguwar ƙasashen sanyi.
2. Me ya sa cibiyar ECMWF take maimaita lissafi sau 51 maimakon sau ɗaya?
3. Da bakinka, bayyana yadda tururin da ya taso daga teku yake iya lanƙwasa zirin iskar sama.
4. Gwangwanayen NAWDEX ba su sauya hasashen lokacin sosai ba. To wace riba aka samu daga gangamin?

Aikin gida: ku saurari hasashen yanayi a rediyo tsawon mako guda. Kowace rana ku rubuta abin da aka ce da abin da ya faru a garinku, ku zo da shi aji mu kwatanta.